Feshi Ba Ya Warkar da Bairos: Sake Duba Yaƙi da Ƙwari da Cututtuka a Noman Barkono na Kasuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ƙwari da cututtukan da ke addabar tattasai da attaruhu da shambo da barkono a gonakin kasuwa na arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Matsayarta ita ce, asara mafi muni daga cututtukan bairos da na cikin ƙasa take fitowa, waɗanda feshi ba ya warkarwa, alhali kaso mafi tsoka na kuɗin kariya a kan feshi yake ƙarewa. Don haka take kira da a mayar da ƙarfi ga gane cuta da tsabtace wurin reno da gyara ban-ruwa, a bar injin feshi ya zama na ƙarshen zuwa.

Gabatarwa



Daga nahiyar Amurka dangin barkono suka fito, Turawan Fotugal ne suka taimaka wajen baza su a gaɓar Afirka. Yau kuwa sun zama jarin dubban gidaje a ƙasarmu. Duk wanda ya bi Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman rani, ko ya ratsa Hunƙuyi da Kudan da Maƙarfi, ko Ɗanja, ko kwarin Haɗeja, ya san barkono ya wuce kayan miyar bayan gida. Manyan motoci ake lodawa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. A jihar Diffa ta Nijar, busasshen tattasan da ake nomawa a gaɓar Komadugu Yobe shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin yankin, abin da kowa ya shaida a 2015 lokacin da hukuma ta hana cinikinsa saboda rikicin Boko Haram, gidaje da yawa suka shiga halin ni-'yasu.

Idan na ce barkono a wannan takarda, dangin duka nake nufi. Kuma ba sabon gwaji na kawo muku ba. Abin da aka riga aka tabbatar a ilimin cututtukan tsirrai na ɗauko, na jera shi kusa da abin da ake yi a gonakinmu, don mu ga inda suka raba hanya.

Ga yadda abin yake tafiya. Manomi ya ga ganye ya fara nannaɗewa, sai ya tsinko reshe ya nufi shagon magani. Mai shago ya duba, ya miƙo masa kwalba biyu ko uku ya ce ya haɗa su a tanki ɗaya. Bayan mako ba canji, sai a ƙara murfi ɗaya a kan ma'auni. Bayan wani makon a canza kwalba. Kafin a ankara kuɗin taki ya tafi a feshi, gona kuma tana nan yadda take, ko ma ta ƙara lalacewa. Manomin nan ba rago ba ne, ba kuma wawa ba ne. Ba a faɗa masa abin da ke damun shukarsa ba ne kawai.

Nannaɗewar ganye: alama ɗaya, masu laifi da yawa

A nan zan fi daɗewa, domin a nan kuɗi ya fi salwanta. Aƙalla abubuwa huɗu ne ke sa ganyen barkono ya nannaɗe, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko bairos. Wanda ya fi suna a yankinmu shi ne wanda masana ke taƙaita sunansa da PVMV, wanda aka fara bayyanawa a Ghana a 1971. Yana sa ganye ya yi dabbare-dabbare a bin jijiyoyi, ya ƙanƙance, shuka ta tsumbure, 'ya'ya su fito ƙanana a karkace. Darɓa ce ke ɗaukarsa, wato ƙananan ƙwarin nan masu laushi da ke taruwa a bayan ganye suna zubar da danƙo, musamman Myzus persicae da Aphis gossypii. Haka take ɗaukar bairos na CMV. Yadda take yaɗa su shi ne abin da nake so kowane malamin gona ya riƙe. Darɓa mai fiffike idan ta sauka a kan ganye, ɗanɗanawa take fara yi: ta soka baki na 'yan daƙiƙoƙi, ta zare, ta tashi. A wannan ɗan sukan take kwasar bairos daga shuka mai cuta, a irinsa kuma take zuba shi a lafiyayya. Maganin ƙwari kuwa yana bukatar mintuna, wani ma sa'o'i, kafin ya kashe ta. Ke nan kafin ta mutu ta riga ta gama ɓarnar. Wasu magungunan ma firgita ta suke yi, ta yi ta tsalle daga shuka zuwa shuka tana ƙara baza cutar. Ƙari a kan haka, mai yaɗawar sau da yawa baƙuwa ce da iska ta kawo daga gonar maƙwabci, ba wadda ta yi gida a gonar ba. Shukar da ta kamu kuwa ta kamu. Babu kwalbar da ke warkar da bairos a kowane shago, a kowace ƙasa.

Akwai kuma ayarin bairos da farin ƙuda, Bemisia tabaci, ke ɗauka, masu sa jijiyoyin ganye su yi rawaya, ganyen ya kofe sama. Ɗaya daga cikinsu da sunan ƙasar Mali ma aka san shi, domin a can aka fara gano shi. Shi farin ƙuda yana riƙe cutar a jikinsa kwanaki, don haka rage yawansa yana da amfani fiye da na darɓa. Matsalarsa ita ce saurin sabawa da magani. Sai rukuni na uku, dangin bairos ɗin taba, waɗanda ba sa bukatar ƙwaro: a jikin iri suke zuwa, hannun mai dashe da wuƙa da tufafi su raba su.

Mai laifi na biyu shi aka fi zalunta da rashin ganewa. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce dangin gizo-gizo, Polyphagotarsonemus latus, wadda ido ba ya gani sai da gilashin ƙara girma. A kan toho take zama. Sabon ganye ya lanƙwashe ƙasa, ya yi tauri ya tsuke, bayansa ya yi launin tagulla, fure ya zube, fatar 'ya'ya ta yi kaushi. Da yawa ana ce mata bairos a sallama gona, alhali tana da magani: abamektin ko farar wuta suna cin ta. Abin takaicin shi ne, magungunan da aka fi miƙa wa manomi, irin su saifametirin da lamda-saihalotirin, ba sa yi mata abin kirki. Abokan gabanta suke kashewa, su bar mata fili. Haka lamarin yake ga jan gizo-gizo, wanda ke bunƙasa idan zafi da ƙura suka haɗu: sau da yawa feshin manomin ne da kansa ke buɗe masa ƙofa.

Na uku su ne ƙwarin tirifs, sirara masu ɓuya cikin fure, waɗanda kan sa ganye ya nannaɗe sama, su bar tabo a jikin 'ya'ya. Na huɗu kuwa ba ƙwaro ba ne ba cuta ba: ɓurɓushin maganin ciyawa ne da ya rage a tankin da aka yi feshin shinkafa ko masara da shi, ba a wanke sosai ba.

To mene ne abin yi da bairos tunda ba ya warkewa? A hana shi shiga da wuri. Shukar da ta kamu tana ƙarama kusan ba ta ba da komai, wadda ta kamu bayan ta ɗauki 'ya'ya kuwa takan fitar da manomi kunya. Kowane mako da aka jinkirta kamuwa riba ce. Shi ya sa ake tuge shukar da ta nuna alama a makonnin farko, a binne ta nesa da gona. Shi ya sa ake zagaye gona da layukan masara ko dawa da aka shuka kafin dashe: darɓa ta fara sauka a kansu, ta goge bakinta a ganyen da cutar ba ta kamawa. Shi ya sa kuma bai kamata a yi sabon dashe a gefen tsohuwar gonar barkono ko tumatir da aka gama tsinka aka bari a tsaye ba. Irin wannan gona rumbun cuta ce ga unguwa duka, kuma tuge ta aikin gayya ne. Manomi ɗaya ba zai tsira shi kaɗai ba idan maƙwabtansa goma sun bar nasu kututturan.

Abin da ke cikin ƙasa da ruwa

Shuka ta yi yaushi da rana, ta farfaɗo da yamma, bayan kwana kaɗan ta faɗi. Manomi ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Sau da yawa ƙarin ruwan ne ke ƙarasa ta.

Abu uku ake zargi, kuma ana iya rarrabe su a bakin gona ba tare da ɗakin gwaji ba. A tuge shukar a duba saiwa. Idan ta yi ƙulu-ƙulu da ba sa ɓantaruwa, tsutsar saiwa ce ta dangin Meloidogyne, wadda ta fi son ƙasa mai yashi da aka daɗe ana maimaita kayan lambu a cikinta. Idan gindin kara ya yi baƙi ya jiƙe daidai inda ya haɗu da ƙasa, a zargi Phytophthora capsici, wadda Leon Leonian ya fara bayyanawa a 1922 a gonakin barkono na jihar New Mexico ta Amurka. Idan kuwa saiwa da gindi ba su nuna komai ba, ganye ma yana kore amma ya yi laƙwas, a yanke karan a tsoma bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau. Cikin 'yan mintuna, idan aka ga farin abu yana zubowa sirara-sirara, to bakteriyar Ralstonia solanacearum ce ta toshe jijiyoyin ruwa. Kofi da reza kawai wannan gwaji yake bukata, amma manoma nawa aka taɓa nuna wa?

Ƙwayoyin Phytophthora iyo suke yi a ruwa. Ralstonia ma ruwa ke ɗaukarta. Yanzu mu dubi yadda muke ban-ruwa: fangali a nutse, a cika shi har ruwa ya kwanta a gindin shuka, sannan a fasa shi ya wuce fangali na gaba. Cutar da ta fara a kusurwa ɗaya, hanyar ruwa za ta bi ta zagaye gona. Barkono ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. A dasa shi a kan kunya mai tudu, ruwa ya bi kwari, kada ya taɓa kara, kuma kada ragowar ruwan gona mai cuta ya koma magudanar da wasu ke sha. Wannan gyara ba ya cin ko kwabo, sai dai canza sabo, wanda na san ya fi kashe kuɗi wuya.

Sai juya shuka. Manomi kan ce ya huta da barkono bana, ya sa tumatir. Ai bai huta ba. Tumatir da gauta da yalo da dankalin Turawa da taba duk gida ɗaya suke da barkono, cutar ƙasa ɗaya suke rabawa. Kuɓewa tana ciyar da tsutsar saiwa, kankana da kabewa da kokwamba kuma Phytophthora tana cin su. Hutun gaskiya shi ne masara ko dawa ko gero ko alkama ko albasa, na shekara 3 zuwa 4 a filin da cuta ta yi ƙarfi. Shinkafar da ake tare wa ruwa tana rage tsutsar saiwa sosai, kuma wannan gata ne da manoman da ke noma da ruwan madatsar Tiga ke da shi a hannu. Na san mai hayar fili na kaka ɗaya ba shi da wannan zaɓi, bai ma san abin da aka shuka a wurin bara ba. Wannan matsala ce ta tsarin haya, kuma ya dace masu nazarin tattalin arzikin noma su shigo cikinta.

Wurin reno

Idan aka ce in zaɓi wuri ɗaya da za a zuba kuɗin kariya, wurin reno zan nuna. Fili ne ɗan ƙarami, na makonni 5 zuwa 6, amma duk abin da ya shiga jikin dashe a nan, gona duka zai bi.

Iri shi ne farko. Al'adar ajiye iri daga ragowar tsinkar ƙarshe, lokacin da gona ta gaji da cuta, tana gadar wa baɗi ciwon bana. A zaɓi lafiyayyun shuke-shuke tun tsinkar farko, a sa musu alama. Tsoma iri cikin ruwa mai zafin digiri 51 na minti 30 yana kashe bakteriyar Xanthomonas mai sa ɗigo-ɗigo a ganye, amma sai da ma'aunin zafi, domin ƙarin digiri kaɗan yana kashe irin kansa. Aiki ne da ya fi dacewa da ƙungiya, ba kowa a murhunsa ba.

Ƙasar reno kuma Allah ya ba mu maganinta kyauta. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a jiƙa fangalin sosai, a lulluɓe shi da farar leda mai nuna ciki, a danne gefunanta da ƙasa, a bar shi makonni 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa yana rage tsutsar saiwa da ƙwayoyin da ke kayar da jariran tsiro da irin ciyawa. Bayan an shuka sai a rufe da raga. Gidan sauro yana tare fara da malam-buɗe-littafi, amma farin ƙuda da tirifs ratsa shi suke yi. Ragar da ake bukata ita ce mai ƙofofi kamar 50 a kowane inci. Tana da tsada ga mutum ɗaya, ba ta da tsada ga mutum ashirin. Ina ganin a nan akwai sana'a ga matasanmu: renon dashe mai tsabta a cikin rumfar raga, a sayar wa manoma da tabbacin asalinsa, maimakon damin dashen da ake saye a kasuwar ƙauye ba a san gonar da ya fito ba.

Inda feshi yake da gurbi

Kada a fahimce ni a kan cewa a jefar da injin feshi. Tsutsar Helicoverpa armigera mai huda 'ya'ya tana jin magani, in dai an same ta tana ƙarama kafin ta shige ciki. Maganin Bt da emamektin suna yi mata aiki, kuma da yamma ya fi. Farin garin da ke fitowa a bayan ganye lokacin rani, na Leveillula taurica, wanda ke kakkaɓe ganye har rana ta ƙone 'ya'ya, farar wuta tana tsayar da shi, sai dai ba a fesa ta da tsakar zafi don tana ƙona shuka. Ruwan 'ya'yan darbejiya, a daka kamar giram 500 a jiƙa cikin lita 10 ya kwana, yana rage darɓa da ƙananan tsutsotsi ba tare da ya share ƙwari masu amfani ba. Baƙin tabon da ke fitowa a gindin tattasai kuwa ba ya bukatar magani ko kaɗan: ban-ruwa ne ba bisa ƙa'ida ba ya hana sinadarin kalsiyam isa ga 'ya'ya.

Abu biyu ke ɓata feshinmu. Na ɗaya, canza kwalba ba canza magani ba ne. Sunaye biyar a kan kanta na iya zama sinadari ɗaya, ko 'yan gida ɗaya. Masana sun raba magungunan ƙwari gida-gida da lamba: su saifametirin 3A, su imidakulofirid 4A, abamektin da emamektin 6. Gidan ake canzawa, ba hoton da ke jikin kwalba ba. Mun ga ƙarshen rashin yin haka a 2016, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka raɗa wa Sharon, ta cinye tumatir a Kano da Katsina da Kaduna ana ta feshi ba ta ko gezau, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Na biyu, kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka. Barkono ana tsinkarsa akai-akai, kuma wanda aka fesa jiya aka tsinka yau, a tukunyar wani zai kwana gobe. Ga kuma yaran da ake ba aikin feshin, ba safa ba takalmi, suna gauraya magani da hannu. Wannan alhaki ne a wuyanmu duka.

Daga gona zuwa kasuwa

Cutar Colletotrichum, mai sa tabo mai zurfi da zobe-zobe a jikin nunannun 'ya'ya, ta fi ƙarfi da damina, kuma takan ɓoye har sai kaya ya hau mota. A loda kwando lafiya lau a Kano, bayan tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Legas cikin zafi da danshi a sauke shi a ruɓe. Tsince masu tabo tun a gona da daina tsinka da raɓa suna rage wannan asara.

Busasshen barkono nasa haɗarin daban ne. Shanya a ƙasa ko a gefen kwalta, da zuba shi a buhu bai gama bushewa ba, suna gayyato fumfunar Aspergillus flavus mai fitar da gubar afulatoksin, wadda aka tabbatar tana jawo sankarar hanta. Tarayyar Turai ba ta karɓar busasshen barkonon da gubar ta haura maikurogiram 10 a kilo ɗaya. Mu kuwa ba ma aunawa, dakawa muke mu ci a yaji.

Masu burin fitar da ɗanye waje su ɗauki darasi daga Ghana. A Oktoban 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga barkonon ƙasar da wasu kayan lambu, saboda ƙwarin da ake ta kamawa a cikin kaya, ciki har da tsutsar Thaumatotibia leucotreta. Ba a buɗe ba sai farkon 2018, bayan ƙasar ta gyara tsarin duba gonaki da bin sawun kaya. A shekarar 2015 ɗin dai aka dakatar da waken Nijeriya saboda yawan sinadarin daikulobos. Ɗaya ƙwaro ya kayar da shi, ɗaya magani.

Wa zai gane wa manomi cutar?

Duk abin da na faɗa ya rataya ne a kan a gane cuta kafin a sayi magani. A yau malamin gona ɗaya dubban manoma ke jiransa, don haka mai shagon magani shi ne likitan da ke kusa. Ba na zarginsa da mugunta, amma cinikinsa a sayarwa yake, kuma da wuya ya ce wa mai kuɗi a hannu ya koma gida ya tuge shuka. Tunda ba za a raba manomi da shi ba, a koyar da shi, a sa sanin alamomin nan cikin sharaɗin ba shi izini.

Akwai misalai a kusa. Ƙungiyar CABI ta fara shirin Plantwise a 2011, inda ake kafa teburin likitan shuka a ranar kasuwa, kuma ya yi aiki a Ghana. A Nijar, cibiyar RECA tana amsa tambayoyin manoma da Hausa da Zabarmanci ta waya, manomi ya aika hoton ganye ta WhatsApp a ba shi shawara. Mu ma muna da cibiyar bincike ta IAR da ta yaɗa ilimin noma ta NAERLS a Samaru, da reshen NIHORT a Bagauda, kusa da manyan gonakin barkonon.

Roƙona ga waɗannan cibiyoyi da ma'aikatun gona na jihohi guda uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin kasafin shekara ɗaya. A fitar da ɗan littafi mai hotuna masu launi, da boko da ajami, wanda ke rarrabe masu nannaɗe ganye huɗu da masu kayar da shuka uku. A ba kowane malamin gona da kowane shugaban ƙungiyar manoma gilashin ƙara girma na aljihu. A kuma tallafa wa ƙungiyoyi da ragar reno kafin a tallafa musu da kwalaben magani. Ku kuma manoma, kafin ku sake sayen kwalba, ku juya ganyen ku duba bayansa, ku tuge shuka ɗaya ku duba saiwarta.